Shanun Kawu a Gonar Masara

Tun da aka kawar da amfanin gona bara, Fa'izu bai sake samun natsuwa ba. Tela ne, yana da rumfa a kasuwar Jahun, amma duk wanda ya kai masa ɗinki a wannan ranin ya gane hankalinsa ba ya kan keken. Sai ya ɗora hannun riga a baibai, ya farke, ya sake ɗorawa. Da an yi sallar la'asar kuwa sai ya ja ƙofar rumfa, ya hau babur ya kama hanyar Aujara. Ba gida yake fara zuwa ba, gona yake wucewa. Ya je ya tsaya a tsakiyar fili babu ko tsinke, ya duƙa ya damƙi ƙasa, ya buɗe hannu ya ga ta tsiyaye ta tsakanin yatsunsa, ko ɗan danƙo babu.

Gonar ta gado ce. Mahaifinsu, marigayi Malam Abdurrahman, shi ya sare ta a gangaren da ke kallon fadama, ya haƙa rijiya a tsakiyarta. Da ya rasu aka raba ta biyu. Gabas ta zama ta babban ɗansa, Malam Ashafa, wanda ya gaji makarantar gidan, yamma ta zama ta Fa'izu. Rijiyar ta faɗo daidai kan iyaka, aka bar ta a matsayin ta su biyun. A zamanin Malam Abdurrahman, a yankin da aka fi sanin gero da dawa da riɗi, gonarsa ake nunawa in ana zancen masara. Jakuna uku gare shi, duk rani suna jigilar taki a mangala. Jakunan sun daɗe da ƙarewa. 'Ya'yan suka koma takin zamani shekara da shekaru, har ya yi tsadar da sai dai mutum ya tsaya a shago ya tambaya ya wuce.

Bara Fa'izu ya zuba ɗan abin da ya iya samu, ruwa ya wanke shi ya bi yashi. Masara ta tsaya iya ƙugu, ganye ya yi rawaya, goyon bai fi yatsa ba. Ƙuduji kuwa, ciyawar nan mai kashe hatsi, ya fito ya baje furensa mai kyau a gindinta, yana tsotse ta ta ƙarƙashin ƙasa. Abin da ya kwaso bai kai gidansa wata huɗu ba.

Matarsa Nuriyya ta gaji da ɗumama tuwo. Wata rana ta ce masa, "Baban Safa, ƙasar nan fa ko wuni ka yi kana kallonta ba za ta yi baƙi ba. Ka zauna ka ci abinci."

Ya ce, "Ke ba ki ga abin da na gani ba. Damina saura wata biyu." Ya yi loma uku ya miƙe.

Shara ya fara jarrabawa. Wani direban tifa da ya kawo masa ɗinkin wando ya ba shi labarin wani tsohon juji a bayan garin Dutse, ya ce ya ruɓe ya yi baƙi ƙirin, masu lambu rububinsa suke yi. Fa'izu bai yi shawara da kowa ba ya ce a kawo. Ranar Alhamis tifa ta juye masa tsibi guda a bakin gona. Baƙin yana nan, direba bai yi ƙarya ba. Abin da bai faɗa ba shi ne leda, da fasassun kwalabe, da matattun batura, da tsinkakkun silifa. Mako guda Fa'izu bai buɗe rumfa ba, yana tsugune da rariyar waya yana tankaɗe. Kwalba ta yanke shi a tafin hannu, ya ɗaure da ƙyalle ya ci gaba. Da ya gama, na kirkin da ya rage bai fi ya rufe kusurwa ɗaya ba. Ledar kuma iska ta kwashe ta kai lambun yayansa.

Malam Ashafa yana da ɗan lambun albasa a gefen rijiya, ta ɓangarensa. Ya dasa ta a makare, da kansa yake ba ta ruwa da guga kafin ya zauna karatun safe, da kuma bayan la'asar. Mutum ne mai ƙarancin magana. Bai ce uffan game da ledar ba. Kullum dai Fa'izu zai tarar an tsince ta, an tara a kan iyaka, an danne da dutse.

Ranar da ya koma rumfa, Malama Ruwaida ta zo karɓar ɗinkinta. Malamar gona ce, daga Dutse take zuwa tana zagaya ƙauyuka. Ta ga ƙyallen da ke hannunsa ta tambaya, ya kwashe labari ya gaya mata.

Ya ce, "Malama, ni dai ki faɗa min wanda ya fi sauri."

Ta yi dariya ta ce, "Malam Fa'izu, ƙasar da aka yi shekara ashirin ana ci ba a mayar mata da komai ba, ita kake so ta farfaɗo a wata biyu? Haƙa rami za ka yi, ka jera kara da ganye da kashin dabbobi da toka, kana yayyafa ruwa kana juyawa. Wata uku sai ya nuna."

"Wata uku ai an yi shuka har an gama noman firi."

"To, na baɗi ke nan."

"Kashin kaji fa? An ce akwai masu kiwon kaji a hanyar Dutse."

"Yana da ƙarfi, amma ɗanyensa ƙona tsiro yake yi. Kuma masu lambun rani sun riga ka, kafin a share ɗakin kajin an san mai takin."

Duk da haka washegari sai da ya je. Ya zagaya gidan kaji uku, ya dawo da buhunansa a naɗe kamar yadda ya tafi da su.

Mahaifiyarsu, wadda kowa ke kira Dada, Bafulatana ce daga wajen Miga, tana zaune a sashenta a gidan Malam Ashafa. Fa'izu ya shiga gaishe ta wata safiya. Ya zauna, ya tashi, ya leƙa ƙofa, ya dawo.

Ta ce, "Kai, zauna, kana juya min kai."

Ya zauna a bakin tabarma. Ta ce masa ƙaninta Bubayero ya aiko da saƙo jiya, tafkin da suke shayarwa ya ƙafe, shanu sai sun yi tafiyar rabin yini kafin su sa baki a ruwa.

Ta ce, "Mu da muna yara, da rani manoma ne ke zuwa rugarmu da goro, suna roƙon Baffa, mahaifinmu, ya sauke garke a gonarsu. Inda shanu suka kwana suka yi kashi da fitsari, sai a yi shekara uku ana cin moriyar wurin. Ku kuna da rijiya, shi yana da shanu. Amma ka fara gaya wa yayanka."

Ya ce to. Da ya fito ya tarar Malam Ashafa a zaure yana biya wa wasu dattawa karatu. Ya tsaya daga gefe, ya jingina da bango, ya gyara tsayuwa, karatu bai kai aya ba. Ya ce a ransa in ya dawo ya faɗa masa. Ya buga babur.

Hantsi ya dubi ludayi ya isa rugar. Kawu Bubayero dogo ne siriri, yana zaune a inuwar aduwa yana tufka igiya. Shanun da suka rage a gida, tsofaffi da masu shayarwa, ana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Suka gaisa, aka kawo wa Fa'izu ɗan kindirmo a ƙwarya, bai gama sha ba ya faɗi abin da ya kawo shi. Zai ba su ruwa, zai ba su karan masara da na dawa da ya tara a kan rumfa, su kuma su kwana ashirin a gonarsa.

Kawu ya ci gaba da tufkarsa. Can ya ce, "Rijiyar za ta ɗauki shanu arba'in?"

"Kawu, tun da aka haƙa ta ba ta taɓa ƙafewa ba."

"Ba ta taɓa shayar da shanu arba'in ba kuma. Ashafa ya sani?"

Fa'izu ya ce, "Yaya ba zai ƙi ba."

Kawu ya ɗago ya dube shi ɗan lokaci, sannan ya ce jibi za su taso.

Ranar Fa'izu ya dawo a gajiye, ya ce sai gobe zai gaya wa yayansa. Goben kuma ya tashi da ɗinkin biki da ake jira, bai bar rumfa ba sai magariba. Rana ta uku da yamma Malam Ashafa yana bakin rijiya da guga a hannu ya ga garke ya ɓullo ta hanyar fadama, Kawu a gaba da sanda a kafaɗa, manyan 'ya'yansa biyu a baya, jaki ɗauke da kaya. Ya ajiye gugan, ya je ya tsuguna ya gaida kawunsa, ya yi masa sannu da hanya, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Sai da aka gama ya yafito ƙaninsa, suka zagaya bayan gawon da ke kan iyaka.

"Fa'izu, yaushe aka yi wannan shawarar?"

"Yaya, na zo in faɗa maka na tarar kana karatu."

"Kwana uku ina karatu ban tashi ba?"

Fa'izu ya sunkuyar da kai.

"Albasata saura mata mako uku. Matan unguwar baya nan suke ɗiba tun da famfonsu ya lalace. Ka yi tunanin wannan?"

"Kwana ashirin ne kawai, Yaya. In ban yi haka ba bana ma babu masara."

Malam Ashafa ya ce, "Kawu ne. Ba ni da bakin da zan ce masa ya tashi. Ka san haka, shi ya sa ba ka tambaye ni ba." Ya juya ya koma ya ɗauki gugansa.

Maganar ta dami Fa'izu, amma ba ta daɗe ba, don abin da ya gani washegari ya mantar da shi. An kewaye wani yanki da ƙaya, an kafa dangwali an ɗaure maruƙa, shanu sun kwana a ciki. Da suka fita kiwo ya shiga, ƙafarsa tana nutsewa. Yashin da ya saba gani fari ya jiƙe ya yi duhu, ga warin fitsari yana tashi. Ya zagaya wurin ya fi sau biyar. Ranar ya cinye tuwonsa tas har ya nemi ƙari, Nuriyya ta tsaya tana kallonsa.

Bayan kowane kwana uku sai a ja ƙayar gaba, a kewaye sabon wuri. Fa'izu ya auna da taku, ya ga in aka yi kwana ashirin za a rufe fiye da rabin gonar. Rijiya kuwa ta fara nata bayani tun rana ta biyar. Guga ya riƙa fitowa rabi. Rana ta shida ruwan ya koma ja. Mata suka jera jarkoki suna jira ya taru, suna magana ƙasa-ƙasa, in ya matso su yi shiru. Rana ta bakwai Malam Ashafa ya zo da sassafe bai samu abin da ya wuce ya jiƙa rabin lambun ba. Bakin ganyen albasar ya soma bushewa. Duk da haka kowace safiya sai ya biya ta wajen Kawu, ya tsuguna, ya ajiye masa goro biyu, ya tambayi kwanan shanu, ya wuce da bokitansa. Ko sau ɗaya bai ambaci ruwa ba.

Rana ta takwas Fa'izu ya ce yashe rijiyar zai yi. Mai yasar rijiya na garin ya tafi aiki Jahun, an ce sai bayan kwana huɗu. Ya ce ba zai iya jira ba. Ya tuɓe riga, ya ɗaura igiya a ƙugu, 'ya'yan Kawu suka riƙe suka zura shi. Bai taɓa shiga rijiya ba. Tun yana rabi ya ji sanyi ya ratsa shi, ya ɗaga kai ya ga sama ta koma kamar faifai. Ƙafarsa ta nutse a laka har gwiwa. Ya riƙa cika bokiti da kwano yana girgiza igiya, su ja, su zubar, su zuro masa. Ya fitar da tsoffin gugaye biyu, da murfin tukunya, da laka mai yawa. Wajen azahar kwanon ya fara karo da wani abu mai tauri. Ya sa hannu ya shafa, marmara ce, ko da diga ba a rana ɗaya za a fasa ta ba. Ya tsaya yana kallon idon ruwan yana tsattsafowa a hankali daga gefe, ɗan siriri, ba ya ƙaruwa komai yadda ya ƙwaƙule bakinsa. Da aka jawo shi ya zube a gindin gawo, kansa yana juyawa, jikinsa duk taɓo.

Ruwan ya ɗan taru, ya yi haske. Da shanu suka dawo da yamma, ba a kai ga shayar da rabinsu ba guga ya sake kankarar ƙasa.

Bayan sun yi sallar magariba a bakin gona, Kawu ya ce wa Fa'izu ya zauna.

"Gobe shanu za su kwana na tara. Jibi da safe za mu tashi."

Fa'izu ya zabura. "Kawu, yanzu fa aka fara! Ko kashi ɗaya cikin huɗu ba a rufe ba. A ƙara min ko kwana shida ne. Zan sa a riƙa kawo ruwa a kurar 'yan ga-ruwa daga Aujara."

"Ruwan kura nawa zai shayar da shanu arba'in?" Kawu ya ɓare goro ya jefa a baki. "Kullum ina zaune a nan ina ganin yayanka yana wucewa da bokiti babu komai a ciki. Ya gaishe ni, ya ba ni goro, ya yi murmushi. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Ku biyun ciki ɗaya kuka fito, cikin 'yar uwata. Ba shanuna ne za su sa ku daina cin abinci a kwano ɗaya ba."

"Ni ne na yi laifin, Kawu, ba kai ba."

"Na sani. Tun a ruga na sani, ƙishirwar dabbobi ce ta sa na biye maka." Ya nuna inda shanu suka kwana da sandarsa. "Wannan kada ka bar shi a buɗe rana ta cinye. Ka sa a bi shi da garma a rufe. Kuma kada ka taɓa shi ka ce za ka raba wa sauran gonar."

Ranar da suka tafi Fa'izu ya raka su har bakin fadama, ya dawo ya tsaya yana kallon ɗan baƙin yankin a tsakiyar farin yashi. Haushi ya kama shi, ya rasa wa zai ɗora wa, sai ya ɗora wa yayansa. Kusan mako biyu gaisuwarsu ba ta wuce "an tashi lafiya" ba. Rijiya ta dawo a hankali. Malam Ashafa ya cire albasarsa, rabinta ƙanana, wasu sun shanye tun a ƙasa. Ya aika da kwando guda gidan Fa'izu kamar yadda ya saba duk shekara. Fa'izu ya dubi kwandon ya fita daga gidan.

Gajimare ya fara haɗuwa ta gabas. Abin da ke cin Fa'izu yanzu shi ne yadda zai yi da ragowar gonar. Ya ari shanun huɗa an rufe inda garke ya kwana, amma kullum sai ya ji kamar ya sa shebur ya kwashe, ya warwatsa ko'ina, ya shuka masara daga wannan iyaka zuwa waccan yadda mahaifinsu yake yi. Har ya jingina shebur a bakin ƙofa.

Nuriyya tana tsince shinkafa ta ce, "In na ɗauki naman mutum uku na raba wa mutum goma sha biyu, duk gidan za a tashi ana cewa yau ba a ci nama ba. Kawu ya gaya maka, kai kuma ka ce to."

"Sauran gonar fa? In bar ta haka mutane su yi ta kallo?"

"Dole sai masara?"

Ya kira Malama Ruwaida a waya yana tafe yana dawowa a tsakar gida. Ta ce masa ya shuka masara inda shanu suka kwana da kusurwar da ya zuba tankaɗaɗɗiyar shara, sauran ya sa wake da gyaɗa. Ta ce su ba sa cin ƙasa kamar masara, gyara ta ma suke yi, kuma irin ƙudujin da ya addabi masararsa ba ya samun abin kamawa a jikinsu. Duk wanda ya ga ya fito a cikin masarar ya tuge shi tun bai yi fure ba, ya fitar da shi daga gonar ya ƙona. Ta ƙara da cewa ya shirya wa ciyawa, don kashin shanu da irinta yake zuwa.

Da aka yi ruwan shuka ya fita da sungumi da irin masara cike da ƙwarya. Ya shuke baƙin yankin kafin hantsi. Ya iso inda farin yashi ya fara, ya tsaya, ƙwaryar ba ta ko yi rabi ba. Ya sara rami ɗaya, ya sara na biyu, ya jefa iri ya take. Ya yi layi guda har ƙarshe. Sannan ya tsaya, ya dubi layin, ya juye ragowar irin a aljihu, ya koma gida ya ɗauko wake.

Ba a rasa masu magana ba. A majalisar ƙofar masallaci wani ya ce gonar Malam Abdurrahman ta koma gonar ƙosai. Aka yi dariya, Fa'izu ma ya yi, amma ya daina zama a wurin.

Ciyawa ta zo yadda aka faɗa, har ta fi. Wasu irin ma bai taɓa ganinsu a gonar ba. Ya yi noman firi, kafin ya kai ƙarshe farkon ya sake rufewa. Sannan ruwa ya ɗauke kwana goma sha biyu. Kullum da rana tsaka sai ya baro rumfa ya zo ya duba. Layin da ya shuka a farin yashi ya naɗe ganye tun rana ta biyar, ya yi fari-fari. Na inda shanu suka kwana kuwa sai azahar yake ɗan lanƙwasa, da yamma ya miƙe. Ya tona gindin ɗaya da yatsa ya ji danshi. Ya sake tona wani can gaba, ya sake tona wani, har ya ga yana neman ɓata saiwa ya haƙura.

Ruwa ya dawo. Wata Asabar da safe ya zo maimai ya hango mutum a duƙe a cikin masararsa, wadda ta kai kafaɗa ta yi kore shar. Malam Ashafa ne, ya naɗe hannun riga, yana tuge ƙuduji yana tarawa a gefen zanen da ya shimfiɗa.

Fa'izu ya ce, "Yaya, ina kwana."

"Lafiya lau. Wannan in ya yi fure iska za ta kawo min irinsa." Bai ɗago ba.

Fa'izu ya ajiye fartanya ya kama layin da ke kusa da shi. Suka yi ta tugewa har suka yi nisa. Ta ɓangaren gabas masarar Malam Ashafa tana tsaye iya gwiwa, ganyen ƙasa duk ya yi rawaya.

Fa'izu ya ce, "Yaya, ka yafe min maganar rijiya."

"Ya wuce." Ya tuge wani ya kaɗe ƙasar jikinsa. "Lokacin ne ba ka iya zaɓa ba. Da kaka ake sauke shanu, rijiya tana cike, kara yana tsaye a gona, harawa tana nan. In Allah ya kai mu, ka je ka gaya wa Kawu. Ni bana ba zan dasa albasa a makare ba. Su fara ta wajena, su gangaro wajenka."

"Su fara ta wajenka?"

"Kai ai ka riga ka samu naka."

Kaka ta yi. Layin farin yashi bai ba da abin da za a gasa wa yara ba. Baƙin yankin kuwa, wanda bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na gonar ba, ya ba shi fiye da abin da gonar gaba ɗaya ta ba shi bara, wasu karan goyo biyu-biyu. Kusurwar shara ta yi daidai gwargwado, sai dai har yanzu fartanya tana tono guntun leda. Wake ya yi, gyaɗa ba ta cika ƙwaya ba. Ba a kai ga masarar zamanin Malam ba, ko kusa, Fa'izu ya san haka, kuma kafin a gama ɓarar ta hankalinsa ya riga ya tafi kan baɗi.

Ranar Litinin ya ɗaure buhun masara a bayan babur, Dada ta ba shi ƙullin goro da sabulu ta ce a kai wa matar Kawu. Ya kama hanyar Miga. Da ya iso aduwar sai ya rage gudu. Babu shanu, babu bukkoki, sai da'irar inda aka cire su da duwatsun murhu. Wani dattijo yana girbin dawa a gonar da ke kusa, Fa'izu ya yi masa sallama ya tambaya.

Dattijon ya ce, "Bubayero? Yau kwana biyar da tashinsu. Ya ce bana ba zai jira tafki ya ƙafe a kansa ba. Wasu manoma ne suka zo daga kudu da mota, suka ce suna da kara da ruwa, har dusa za su ba shi, shi dai ya je ya sauka a gonakinsu."

Fa'izu ya dubi inda garken ya yi damina. Taki ne jibge, ya taku ya yi kauri, sai kaji suna tono.

"Baba, wannan fa, na wane ne?"

Dattijon ya yi murmushi. "Filin nawa ne, ɗana. Kai ne na huɗu da ya tambaya."

Fa'izu ya ciro waya ya kira lambar babban ɗan Kawu, aka ce ba a samun ta. Ya sake kira. Ya zagaya babur, ya ja igiyar buhun ya ƙara ɗaurewa.

"Ta wace hanya suka bi?"

"Ta burtalin nan da ya miƙe kudu. Amma da shanu kwana biyar ai tafiya ce."

"Da maruƙa suke, ba za su yi sauri ba," in ji Fa'izu. Ya buɗe tanki ya leƙa mai, ya rufe, ya hau ya saka babur a burtalin.